Gyaran Muryar Baba

An sare tsamiyar ƙofar gidanmu. Ban je na gani ba, ƙanena ne ya kira ni daga ƙauyenmu na wajen Farin Dutse ya faɗa min, ya ce za a faɗaɗa hanya, kuma mai shagon cajin waya har ya zuba siminti a inda ramukan dara suke. Na ce masa to, Allah ya sa hakan ya fi alheri. Na ajiye wayar, na ɗauki buta zan yi alwala, sai na tsinci kaina tsaye a tsakar gida ban zuba ruwan ba. Ba itacen nake jimami ba, don tsamiyar nan ta tsufa tun ina da baƙin gashi. Wani sauti ne ya dawo min kunne, sautin da ba a ƙara jin sa a gindinta ba tun wata rana da ni na ja, ina saurayi.

Idan bazara ta yi, an gama sussuka an zuba hatsi a rumbu, ruwa kuma bai sauka ba, aikin mazan garinmu dara ne. Ni nawa aikin shayar da shanun huɗa da jiƙa musu dusa, sai na gama sannan nake da izinin tsayawa a bayan manya in yi kallo. Ramuka talatin ne a ƙasa, sun yi sumul don yawan taɓawa. Wannan ya riƙe tsakuwa, wancan ya riƙe guntayen kara, wanda ya jera uku ya ɗauke wa abokinsa ɗaya. Amma duk wanda ya ce maka mutum biyu ke yin dara a wurinmu, bai taɓa zama a gindin tsamiyar nan ba. Gari ne ke yi. Wani na ihu "tare shi ta gabas!", wani na rantsuwa da rawanin kakansa cewa an riga an mutu, mai fura ta tsaya da ƙwarya a ka tana ba da tata shawarar, wanda aka ci kuma ya ɗora laifin a kan mai tari na bayansa. Ba wanda ke ganin wannan a matsayin maguɗi. Kallon dara da baki a rufe, a wurinmu, rowa ce. Yanzu kuwa ina ganin yara kowa ya sunkuya a kan wayarsa, an toshe kunne, ana wasa da mutumin da ba a san ko yana da gemu ba, in an ci ka ma babu mai yi maka dariya.

Mahaifina shi ne gwanin wurin. Har daga Fagam ake zuwa a gwada shi, a koma da rana tsaka ba a ko tsaya shan ruwa ba. Ba mai surutu ba ne. Idan yana kallon wasan wasu, ya ga mutum zai faɗa rami, ba ya cewa komai, sai dai ya yi gyaran murya sau ɗaya, gajere, daga can cikin ƙirji. Duk wanda hannunsa ke sama sai ya tsaya cak ya sake dubawa. Ni na fi kowa sanin wannan sautin, domin ni ne ɗan farinsa, kuma bisa al'adarmu bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In zai yi maganata da Inna sai ya ce "wancan". In zan taka ƙaya, in zan kusanci sa mai tunkuyi, in zan yi wa babba katsalandan, gyaran muryar nan ne ke tsayar da ni. Da shi ya raine ni. Abin da sauran 'ya'yansa suka samu a magana, ni a nan na same shi.

Da na tafi makaranta Birnin Kudu sai aka kawo mana wani ɗan bautar ƙasa mai koyar da lissafi, ya zo da wani allo mai gidaje baƙi da fari a cikin jakarsa. Ya ce sunan wasan ces. Mu muka ce darar Bature, muka kuma raɗa wa 'ya'yan sunayen da bakinmu zai iya: sarki da sarauniya, doki, liman mai tafiya a karkace, soro mai tafiya a miƙe, da ƙananan sojoji takwas a gaba. Wasan ya shige ni kamar zazzaɓi. Abu biyu ne suka ba mu wuya, kuma ba a kan allon suke ba. Na farko, abin da ka taɓa shi za ka motsa, babu "a'a, tsaya tukuna". Na biyu, ɗan kallo ba ya magana. Malamin nan ya sha fama da mu a kan wannan, har sai da ya fara sa masu kallo su cusa gefen riga a baki.

Da hutu na ƙera nawa 'ya'yan da laka, na shafa wa rabi baƙin tukunya, na zana allo a bayan wani tsohon kwali. Ina gama shayar da shanu sai in zauna a zaure ina wasa ni kaɗai, na daina zuwa gindin tsamiya. Baba yakan zauna a bakin zauren yana tufkar igiya, ya ba ni rabin baya, kamar bai san da ni ba. Wata rana na ji shi yana ce wa Inna, da muryar da ya tabbata zan ji: "Wancan ya bar darar iyayensa ya kama ta Bature, wadda ake yi kamar ana zaman makoki." Maganar ta yi min zafi ƙwarai. Ban lura ba a lokacin cewa igiyar da yake tufkawa ta isa ɗaure shanun gari duka, kuma kullum a bakin zauren nan yake tufkar ta.

A shekarata ta ƙarshe aka shirya gasa ta duk mai sha'awa daga Birnin Kudu da Gwaram, ɗalibai da malamai da ma'aikata, wanda ya zo na ɗaya a kai shi Kano ya kara da na can. Ni kuwa ko hanyar Kano ban taɓa gani ba. Aka jera tebura a wani babban ɗakin taro mai rufin kwano, zafi na sa kwanon yana ƙas-ƙas a kanmu. Alƙalin gasar wani dogon malami ne mai tabarau, wanda ba ya dariya ko da kuskure. Tun da safe ya tsaya ya ce duk ɗan kallon da ya taimaki mai wasa, da baki ko da hannu ko da ido, za a fitar da shi waje, a kuma ba abokin karawar wasan. Mutane suka ɗauka irin gargaɗin nan ne da ake yi don a ce an yi. Ba a yi awa guda ba wani dattijo daga Fagam, da ya zo kallon ɗan ƙanensa, ya manta inda yake ya ce da ƙarfi, "Kai, ci dokin mana!" Alƙali ya ɗaga yatsa. Masinja ya zo ya kama dattijon nan a damtse, ya ja shi ta tsakiyar tebura. Hularsa ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka ba a bar shi ba, sai wani yaro ne ya bi shi da ita. Ɗalibai suka fashe da dariya. Kunya nake ji in faɗa, amma har da ni a masu dariyar.

Na ci wasanni huɗu a jere, na kai na ƙarshe. Abokin karawata wani malamin gona ne da ke aiki a Sundimina, ya kusa haifata, mai ƙiba da fara'a, wanda ƙafarsa ta dama ba ta daina rawa a ƙarƙashin tebur. Bayan azahar aka ajiye teburinmu a tsakiyar ɗakin, aka kawo agogon gasa guda ɗaya tak da ake da shi, mai fuska biyu, aka ɗora a gefenmu. Jama'a suka kewaye mu. Ina gyara zaman sojojina na ɗaga kai, sai na ga Baba.

Yana tsaye a sahun gaba, daidai bayan malamin gona, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Daga baya Inna ta ce min cewa ya yi zai je Birnin Kudu sayen bakin garma. Ba a sa wannan rigar don bakin garma. Bai dube ni ba, allon yake kallo, ya harɗe hannu a baya yadda yake yi a gindin tsamiya. Da farko wani daɗi ya cika min ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba. Kafin in gama jin daɗin sai na tuna wani abu. Bai ga abin da aka yi wa mutumin Fagam ba. Bai ji gargaɗin alƙali ba. Kuma tun da nake ban taɓa ganin ya kalli wasa har ƙarshe bai yi gyaran murya ba. Na so in tashi in je in raɗa masa, to amma da wane bakin? Ni da ban taɓa fara yi masa magana a gaban mutane ba, yau in ce masa ya yi shiru? Ina wannan tunanin alƙali ya danna agogo.

Malamin gona ke da farare, shi zai fara. Ya tura sojan gaban sarkinsa taki biyu, na tura nawa suka yi karo. Ya fito da doki, na fito da nawa. Ya fito da liman ya auna shi wajen sarkina, na matsa sojan gaban sarauniyata taki ɗaya. Ya fito da dokinsa na biyu. Duk wannan buɗi ne da na sani kamar hanyar rijiyarmu, hannuna ke yi, hankalina kuwa yana kan rigar Juma'ar da nake hange ta gefen ido. Sai na ɗauki limamina na kai shi gaban dokinsa na farko. Sarauniyarsa na bayan dokin nan, in ya kuskura ya motsa shi, limamina zai cinye ta. Na ɗaure masa doki ke nan. Na danna agogo ina jin kaina wani gwani.

Bai yi dogon tunani ba. Dokin da na ɗaure, shi ya ɗauka, ya tsallaka da shi tsakiyar allo ya cinye min soja. Ya ɗan dafe goshi kamar wanda ya tuna ya bar ƙofa a buɗe, ya jingina da kujera. Ɗakin ya ɗauki wani ƙaramin guna-guni, alƙali ya buga tebur aka yi tsit. Ga sarauniyar mutum tsirara a gaban limamina, babu mai tsaronta. A taki na biyar! Wanda ya ci sarauniya ya ci wasa, kowane ɗan aji ɗaya ya san haka. Na ga Kano a gabana, na ga kaina a motar gwamnati, na ga Baba yana komawa gindin tsamiya da labari. Na ɗaga hannu na nufi limamin.

Sai na ji shi. Sau ɗaya, gajere, daga can cikin ƙirji.

Hannuna ya tsaya a sama da kansa, tazarar yatsa biyu tsakaninsa da kan limamin. Ban umarce shi ba, shekara goma sha tara ya yi yana tsayawa in ya ji wannan sautin. Na sake duban allon, kuma abin da ban gani ba ɗazu ya fito fili kamar an kunna fitila. In na ci sarauniyar, limaminsa zai faɗo kan sojan da ke gefen sarkina, sarkina ba shi da wurin gudu sai gida ɗaya, dokinsa na biyu ya tsallako ya rufe ƙofa. Taki biyu, an gama da ni. Sarauniyar tsaba ce aka watsa wa kaza. In kuwa na ƙyale ta na sa dokina ya cinye dokin da ya shigo, na ci riba babba, tarkonsa ya watse, wasan ya dawo hannuna.

Amma ba ni kaɗai na ji ba. A ɗakin da agogo kawai ke magana, gyaran muryar nan ya fita kamar an jefa dutse a rijiya. Kowa ya ga hannuna ya tsaya. Malamin gona ya waiwaya ya dubi mai babbar riga, ya dawo ya dubi hannuna, fara'arsa ta ɗauke.

"Malam alƙali," ya ce, "wannan tarin fa? Na ga kamar ya zo a kan gaɓa."

Alƙali ya miƙe, ya cire tabarau. Na ga masinja ya taso daga bakin ƙofa yana gyara ɗamara.

"Baba," in ji alƙali, "me ke tsakaninka da yaron nan?"

Baba ba zai ce ɗana ne ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ya dai dubi alƙalin da mamaki, irin na mutumin da bai san ya yi laifi ba.

"Da kai nake, Baba. Tari ne ya kama ka, ko magana ka yi masa?"

Na san mahaifina. Bai iya ƙarya ba, ko ta wasa. In aka sake tambayarsa zai ce, "Na ga zai faɗa rami ne na tsayar da shi," yana ganin abin kirki ya yi, domin a inda ya fito abin kirki ne. Daga nan masinja zai kama damtsen rigar Juma'ar nan, ya ja shi ta tsakiyar 'yan makaranta, hularsa ta faɗi, a yi dariyar da na taya yi da safe. Mutumin da ake zuwa gaishe shi daga Fagam. Kuma kafin ya isa gida labarin ya riga shi. In na taɓa dokina, na tabbatar musu da zargin da hannuna. Agogo na ta ƙyas-ƙyas, na ga leɓen Baba ya fara motsi.

Na cafki limamin na buga shi a gidan sarauniya da ƙarfi, har sojoji suka yi rawa. Na ɗauke sarauniyar na ajiye a gefe, na danna agogo, na washe baki kamar wawan da ya tsinci kuɗi.

Kallo ya dawo kan allo. Malamin gona ya dube ni, ya dubi abin da na yi, ƙafarsa ta ci gaba da rawa. Ya sauko da limaminsa. "Cek," ya ce a hankali, wato sarkina na cikin hari. Na matsa sarkin gida ɗayan da ya rage masa. Ya ɗauki dokinsa na biyu ya ajiye a tsakiya, ya miƙo min hannu.

"A bar dattijo ya sha iska, Malam alƙali," ya ce yana dariya. "Tari ne. In da shawara ce, ai da yaron bai ci wannan ba."

Ɗakin ya kwashe da dariya, amma ni ake yi wa. Taki bakwai. Wasan ƙarshe na gasa guda, an gama shi kafin mai shayi ya tafasa ruwa. Malamin da ya koya min ya kama kai ya fita. Da muka dawo daga hutu, abokaina sun yi wata guda suna kirana Mijin Sarauniya. Masinja ya koma bakin ƙofa ya zauna, alƙali ya mai da tabaransa, ba wanda ya ƙara duban mai babbar riga.

Hutu ya kama a ranar, don haka mota ɗaya muka hau zuwa Gwaram, akori-kura cike da buhuna, shi a gaba ni a baya. Daga inda aka sauke mu muka taka da ƙafa, yana gaba ina biye da akwatina a ka. Babu bakin garma a hannunsa. Mun wuce gonaki biyu ko uku kafin ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Kai. Ka ji ni, ko ba ka ji ni ba?"

"Na ji, Baba."

"Ni ban san tafiyar dokinku sosai ba. Mutumin na kalla. Tun da aka fara ƙafarsa ke rawa, da ya ajiye dokin nan sai ta tsaya. Mai kuskure ba ya natsuwa haka." Ya yi 'yan taku. "Ka ga ramin?"

"Na gani."

"Ka gani ka shiga."

Ya tsaya a tsakiyar hanya, ni ma na tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wancan mai ɗamarar da ya taso," ya ce, "wurina zai zo?"

"E, Baba. Da safe sun fitar da wani dattijon Fagam. Jan sa aka yi."

Ya gyara zaman hularsa da hannu biyu, a hankali, kamar yana tabbatarwa tana nan. Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ya taɓa yi ba. Ya miƙo hannu ya sauke akwatin daga kaina ya ɗora a kafaɗarsa, a kan rigar Juma'ar. Na ce, "Baba, bar shi." Bai kula ni ba. Haka muka shiga gari, uba na ɗauke da kayan ɗan farinsa, mutane na kallo.

Washegari a gindin tsamiya aka tambaye shi yadda aka yi, ina tsaye a baya. Ya ce, "An ci shi. Amma ba mutumin Sundimina ne ya ci shi ba, ni ne." Bai ƙara ko kalma ba, ba su kuma gane ba. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, ya ci gaba da zama ana dara a gabansa, mutum zai faɗa rami yana kallo, amma ba a sake jin gyaran muryar nan ba. Mutane suka ce tsufa ne. Ni na san hularsa na tsare masa, na kuma raba shi da muryar da yake kirana da ita. Har yau ban san ko ciniki mai kyau na yi ba. Ban kuma san ko da zan ga ramin da kaina in da bai yi tarin ba, wannan tambayar ta bi ni har furfura. Kano dai na je daga baya, sau ba adadi, ban ga abin da ya kai tafiyar nan ta ƙafa daga bakin titi zuwa gida ba.

Jikata da ke jami'a ta zo hutu kwanan nan, ita ma ces take yi, a waya, da mutanen wasu ƙasashe. Shekaranjiya tana zaune a tabarma kusa da kujerata, kunnuwanta a toshe da abin sauraro, na leƙa ta kafaɗarta. Baƙaƙe ne nata. Ta kai limaminta gaban doki, na can ɓangaren ya ɗauke dokin ya ci soja, ya bar sarauniya tsirara. Na ga yatsanta ya nufi limamin.

Ban yi niyya ba, wallahi. Daga can cikin ƙirjina ya fito, sau ɗaya, gajere. Muryar Baba ce sak, wadda rabona da ita shekara kusan hamsin, har sai da na waiwaya bakin zaure.

Ita ba ta ji ba. Ta ci sarauniyar.